Yadda Ake Canza Famfon Mai a Tsofaffin Motocin Kat-kat, Mataki Bayan Mataki

Masu karatu da dama, daga nan Maradi da Tasawa da Dakoro, sun yi ta maimaita mini tambaya guda: mutum ya sayi tsohuwar Land Rover ko Land Cruiser da ta shekara da shekaru a ajiye, ya gyara birki, ya wanke kabureta, ya sa sabon batir, amma mai ya ƙi zuwa, to ta ina zai ɓullo wa famfon? Wannan jagora amsar tambayar ce. Ta shafi famfon da injin da kansa yake bugawa, ba na lantarki ba, irin wanda ke jikin Land Rover Series II da IIA da III masu injin lita 2.25, da Land Cruiser FJ40 da FJ45 masu injin F ko 2F, da sauran motocin zamaninsu masu kabureta. Aikin ba ya wuce sa'a biyu ga wanda ya tanadi kayansa, sai dai yawancin waɗanda suka canza famfo kuma matsalar ta dawo, ba famfon ne ya ci amanarsu ba, tsallake mataki suka yi.

1. Tabbatar da cewa laifin famfon ne

A nan zan fi daɗewa, domin a nan ne ake asarar kuɗi. Famfon kansa abu ne mai sauƙi: fatar roba ce a tsakiya, da bawul biyu ƙanana, ɗaya na shiga ɗaya na fita, da harshen ƙarfe da ke shiga cikin injin ya kwanta a kan wani tozo na kamshaf, wato doguwar sandar ƙarfe da ke juyawa a cikin injin. Duk zagaye ɗaya na kamshaf, tozon yana tura harshen, fatar ta zuƙo mai daga tanki, sannan sifirin ya mayar da ita ta tura man zuwa kabureta. Tun da zuƙowa yake yi, ƙaramar kafa a tiyon da ke tsakanin tanki da famfo ta isa ta sa ya riƙa shan iska maimakon mai, kuma irin wannan kafa ba lallai ta ɗiga a ƙasa ka gani ba.

Alamomin da suka fi nuna famfon ya gaji su ne mota ta tashi lafiya amma ta riƙa shaƙewa idan ta kama yashi ko hawa, ko ta mutu bayan ta yi zafi, ko a ga danshin fetur a ƙaramin ramin da ke ƙasan jikin famfon. Alama mafi muni ita ce ka zaro sandar awon baƙin mai ka tarar ya ƙaru maimakon ya ragu, ya tsinke kamar ruwa, yana warin fetur. Wannan na nufin fatar ta yage, mai yana zuba kai tsaye cikin injin, kuma daga wannan lokacin kada a ƙara tayar da motar ko da na minti ɗaya ne.

Idan ba ka ga wannan ba, yi gwaji uku a jere. Da farko buɗe murfin tanki. Idan ka ji ya ja iska da ƙara, kafar numfashin murfin ce ƙura ta toshe, kuma da allura za ka gyara abin da kake shirin kashe wa kuɗin famfo. Na biyu, cire wayar da ke kai wuta ga koyil don kada injin ya tashi, kwance tiyon da ke shiga kabureta, sa bakinsa cikin kwalba, wani ya buga sitata na ɗan lokaci. Lafiyayyen famfo yana tofo mai da ƙarfi, bugu bayan bugu, ba tare da kumfa ba. Idan bai tofo ba, ko ya yi rauni, sai gwaji na uku, wanda shi ne ke raba gardama: cire tiyon da ke shigowa famfo daga tanki, sa wani gajeren tiyo daga bakin famfon zuwa cikin jarka mai tsabtataccen fetur, a sake buga sitata. Idan yanzu ya tofo da kyau, famfonka lafiya lau yake, matsalar tana tanki ko bututu ko mataci. Idan har daga jarkar ma ya kasa, to ka kama mai laifi.

Gargaɗi: kada ka zuƙi fetur da baki don gwada bututu, kamar yadda ake yawan gani. Ɗan kaɗan idan ya shiga huhu yana iya kwantar da mutum a asibiti.

Akwai kuma abin da zafin Afrilu da Mayu ke jawowa, lokacin da awon zafi ke haura digiri 40 a garin nan. Fetur yana tafasa a cikin bututun da ya bi kusa da salansa ko jikin injin, ya zama tururi, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. Motar da ke mutuwa da azahar amma ta tashi lafiya bayan ta huta a inuwa, a fara duba hanyar da bututunta ya bi kafin a taɓa famfo.

2. Sayen famfon da ya dace

Kada ka je kasuwa da sunan mota kawai a bakinka. Tsofaffin motocin nan sun bi hannaye da yawa, kuma ba abin mamaki ba ne ka tarar da gangar jikin shekara kaza ɗauke da injin wata shekarar. Land Cruiser jerin 40 an ƙera ta daga 1960 zuwa 1984, kuma a 1975 aka sauya daga injin F zuwa 2F; famfunan da aka yi amfani da su a tsawon waɗannan shekaru ba iri ɗaya ba ne, wasu baki biyu gare su, wasu uku, na ukun yana mayar da rarar mai tanki. Saboda haka hanya mafi aminci ita ce ka cire tsohon tukuna, ka riƙe shi a hannu, ka je da shi wurin mai kayan gyara, ko a nan ne, ko Katsina, ko Kano. Idan aike za ka yi, ɗauki hotonsa ta gefe da ta ƙasa da ruler a kusa da harshen, ka haɗa da lambar da ke jikin injin.

A gaban mai shago, ɗora sabon da tsohon kafaɗa da kafaɗa a kan tebur. Dubi tsawon harshen da lanƙwasarsa, dubi tazarar ramukan noti biyu, dubi inda bakunan ke fuskanta da girman haƙoransu. Bambancin da bai kai faɗin farce ba a tsawon harshe ya isa ya sa famfo ya ƙi bugawa, ko ya buga fiye da kima har harshen ya karye a cikin injin. Sannan ka toshe bakin shiga da yatsa ka danna harshen: ya kamata ka ji yana tsotsar yatsan, kuma ya riƙe na ɗan lokaci.

Ra'ayina game da famfon da aka ciro daga mushen mota shi ne a bar shi, ko da na asali ne, domin fatar da ta bushe shekaru ba mai a jikinta tana tsagewa cikin ƴan kwanaki. Amfaninsa ɗaya ne: idan irin wanda ake kwancewa da sukurori ne, kamar famfon kamfanin AC mai kofin gilashi da ke kan Land Rover, gangar jikinsa ta fi ta yawancin sababbin da ke kasuwa inganci, kuma ana iya sa masa sabuwar fata da bawul. Wanda aka matse bakinsa da inji daga masana'anta ba ya kwantuwa, sai canji.

3. Lissafin kuɗi da kayan aiki

Farashin famfo yana tafiya da canjin naira da sefa da kuma inda aka ƙera shi, don haka ka tambayi shago biyu ko uku kafin ka ciro kuɗi. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne kuɗin famfon kashi ɗaya ne kawai na lissafin. Ka sa gaskit biyu, da tiyon fetur da ake sayarwa mita-mita, mai faɗin ciki milimita 6 ko 8 gwargwadon bututun motarka, da maɗauran tiyo na ƙarfe masu sukuru, da sabon matacin mai. Idan kuma fetur ya riga ya gauraya da baƙin mai, ƙara kuɗin juye gaba ɗaya da matacinsa: injin Land Rover 2.25 yana cin kusan lita 7, 2F kuwa kusan lita 8, kuma wannan kaɗai yana iya kamo kuɗin famfon. Wanda zai kai wa makanike, su yi ciniki tun farko a kan cewa aikin ya haɗa da busa bututu da canza tiyo, ba ɗaura famfo kawai ba.

Kayan aiki ba su da yawa: sifana, wadda a nan muka fi kira kile, da soket mai dogon hannu, da sukudireba, da filaya, da abin kankare tsohon gaskit, da giris, da tsummoki masu tsabta, da kwano na tarar mai, da tocila.

Gargaɗi game da sifana: Toyota ma'aunin milimita take bi, notinta na famfo galibi lamba 12 ne. Tsohuwar Land Rover kuwa ma'aunin inci na Ingila ne a mafi yawan jikinta. Notin rabin inci milimita 12.7 ne, sifana lamba 13 za ta shige shi, amma da ɗan sako-sako, kuma a kan notin da ya yi tsatsa wannan sako-sakon ne ke cinye kusurwoyinsa ya mayar da shi kamar ƙwallo. Nemi sifanar inci ko da aro ne.

4. Shirya wurin aiki

Yi aikin da safe, injin yana da sanyi, a fili mai iska. Ja birkin hannu, fitar da giya, sa dutse a tayoyi. Cire wayar batir da ke haɗe da gangar mota. A yawancin motoci ita ce mai alamar ragi, amma Land Rover da aka yi kafin 1967 da yawa mai alamar tarawa ce ke jikin ganga idan ba a sauya musu waya ba, don haka bi wayar da ido maimakon dogaro da alama.

Gargaɗi: tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana malala, ba sama ba. Murhun mai shayi da ke gefen rumfa, da mai walda a maƙwabta, da mai taba da ya tsaya kallo, duk a nisantar da su kafin a kwance tiyo na farko. Ajiye bokitin yashi ko abin kashe gobara kusa. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi.

5. Cire tsohon famfo

A injin Land Rover 2.25 da na Toyota F da 2F, famfon yana gefen dama na injin idan kana zaune a mota kana kallon gaba, wato ɓangaren da distiributa take. Kafin ka taɓa komai, wanke kewayensa da buroshi da ɗan kananzir ka share, saboda da zarar famfon ya fita rami ne zai buɗe kai tsaye zuwa cikin injin, kuma yashin da ya taru a wurin shekara talatin jira yake. Ɗauki hoton yadda tiyoyin suke, ko ka ɗaura wa na shiga zare don kada su rikice maka.

Kwance na shiga tukuna, ka toshe shi da noti mai tsabta ko ka ɗaga bakinsa sama da tanki. A Land Rover da tankinta ke ƙarƙashin kujera, idan tankin a cike yake mai na iya biyo bututun da kansa. Inda bututun ƙarfe ne mai noti, yi amfani da sifana biyu, ɗaya ta riƙe bakin famfon ɗaya ta juya notin, in ba haka ba bututun ne zai murɗe.

Yanzu sassauta notin famfon biyu, zagaye biyu kowanne, kada ka cire su. Taɓa famfon. Idan ka ji yana turo kansa waje da ƙarfi, tozon kamshaf yana kan harshen ke nan. Juya injin da hannu a hankali, da soket a kan notin fulin gaba, ko da hannun tayar da mota idan Land Rover ɗinka tana da nata, har ka ji famfon ya saki yana motsi. Kamshaf rabin gudun injin yake yi, don haka daga ƙololuwar tozo zuwa ƙasansa cikakken zagaye ɗaya ne na fulin. Idan ka sami wannan wuri, bar injin a nan, kada kowa ya ƙara juya shi har an gama, domin a wannan matsayin ne sabon zai shiga ba gardama.

Cire notin, ka zaro famfon kana lura da yadda harshen ya fito, ta sama ya kwanta ko ta ƙasa. Idan akwai wani faifai mai kauri tsakanin famfon da injin, ajiye shi da kyau. Ba ado ba ne: yana hana zafin injin isa ga famfo, kuma kaurinsa yana cikin lissafin tsawon harshen. Wasu injina kuma ba harshen ne ke taɓa kamshaf ba, wata ƴar sandar ƙarfe ce ke tsakani. Idan naka haka yake, zaro ta, mirgina ta a kan gilashi ka ga ko ta lanƙwashe, ka duba ko bakinta ya cinye.

6. Duba tozon da share mazauni

Cusa tsumma mai tsabta a ramin, ka kankare tsohon gaskit har ƙarfen ya fito fes, ba tare da ka yi masa zane ba. Sannan cire tsumman ka haska tocila ciki. Tozon ya kamata ya yi sumul yana sheƙi. Idan ka ga kwari a tsakiyarsa, ko ka ga harshen tsohon famfon ya cinye sosai a inda suke gogayya, sabon famfo ba zai sami cikakken bugu ba, kuma shi ma zai cinye da wuri. Gyaran wannan sai an fitar da kamshaf, aikin da ya wuce wannan jagora. A irin wannan hali ne kaɗai nake ganin famfon lantarki ya zama hujja.

7. Tanki da bututu kafin sabon famfo

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Motar da ta daɗe a ajiye tankinta yana tara tsatsa da wani danƙo da tsohon fetur ke bari, ga kuma ruwa da ƙasa da ke shigowa tare da man kwalba na bakin hanya, wanda kowa ya san da shi ake tafiya idan an bar kwalta. Bawul ɗin famfo ba su wuce girman ƙwandala ba, ƙwayar tsatsa ɗaya idan ta maƙale a ƙarƙashin ɗayansu, famfon da aka saya jiya zai daina aiki yau. Na taɓa ganin wata FJ45 da aka sa wa famfo uku cikin wata biyu, mai ita yana ta zargin masu shago, ranar da aka sauke tankin kuwa sai da aka kwashe tsatsa cikin tafin hannu biyu.

Saboda haka zubar da tsohon man ta notin ƙasan tanki cikin kwano, ka duba abin da ya kwanta. Idan tsatsa ta yi yawa, a sauke tankin a wanke. Zaro bututun da ke tsotso daga cikin tanki ka wanke ragar bakinsa. Busa bututun ƙarfe da famfon iska daga gaba zuwa baya, bayan ka cire shi daga tanki. Canza duk tiyon roba, har wanda ake ganin lafiyarsa ƙalau, domin daga ciki yake fara ruɓewa. Sa sabon mataci tsakanin tanki da famfo, kibiyar jikinsa tana kallon famfo.

Gargaɗi: tiyon ruwa, da farin tiyon nan na leda da ake gani ta cikinsa, ba na fetur ba ne. Na farko yana narkewa, na biyu yana ƙandarewa ya tsage a zafin injin. Haka kuma tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ba a kai masa wutar walda don an zubar da man. Tururin da ya rage ne ke fashewa.

8. Ɗaura sabon famfo

Shafa giris kaɗan a bakin harshen inda zai taɓa tozo. Jera kayan yadda suka fito: gaskit, faifan tsakani idan akwai, wani gaskit, sannan famfo. Idan injinka mai ƴar sanda ne, shafa mata giris mai kauri ka tura ta ciki, giris ɗin zai riƙe ta kada ta zamo ta tare hanya.

Gargaɗi: kada ka yanka gaskit daga kwalin sukari ko na sabulu. Idan dole sai an yanka, a sayi takardar gaskit ta ainihi mai kaurin wadda aka cire. Kada kuma a cika wurin da gam ɗin silikon. Fetur yana kumbura shi, kuma rarar da ta matso ciki tana gutsurewa ta bi baƙin mai.

Ga wurin da aikin yake ɗaurewa ko ya lalace. Karkata famfon, ka shigar da harshen ta yadda zai kwanta a kan fuskar tozon kamar yadda tsohon ya kwanta, kada ya zame ta gefensa ko ta ƙarƙashinsa. Idan ya hau daidai, za ka ji ɗan turin sifirin, amma da ƙarfin hannu kaɗai za ka iya manna famfon da jikin injin ko ka kusa. Idan ya tsaya da tazara mai yawa kuma ya ƙi matsawa, fitar da shi ka sake. Kada ka ce noti zai jawo shi. Noti zai jawo shi ɗin, amma ko dai kunnen famfon ya tsage, ko harshen ya lanƙwashe, ko ya karye da bugun sitata na farko ya faɗa cikin kaskon baƙin mai, kuma daga nan aikin sa'a biyu ya koma na kwana biyu.

Ɗaura notin biyu da yatsu har su zauna, sannan ka riƙa matsa su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, don famfon ya zauna a miƙe. Ƙarfin da ake bukata kimanin Nm 20 ne ga mai sifanar awo. Ga wanda ba shi da ita, matsin hannu ɗaya da gajeriyar sifana ya isa, ba a ƙara mata bututu.

9. Haɗa tiyoyi

Bakin da aka rubuta wa IN shi ne na tanki, OUT na kabureta. Idan ba rubutu, gwajin yatsa zai nuna maka: wanda ke tsotsa shi ne na shiga. Notin bututun ƙarfe a fara shi da yatsu zagaye uku ko huɗu kafin sifana ta taɓa shi, saboda jikin famfon ƙarfe ne mai laushi, haƙoransa ba sa jure kuskure. Irin wannan noti bakin bututun ne ke toshe shi, ba haƙora ba, don haka farin tef na masu famfon ruwa ba shi da aiki a nan. Kowane tiyo ya sami maɗaurinsa, ba waya ko igiyar roba ba, kuma a bi da shi nesa da salansa da fanka da duk wani kaifi da zai goge shi a kan hanya mai gargada.

Mai famfo mai kofin gilashi ya duba robar bakin kofin da ragar da ke samansa. Robar nan idan ta bushe iska take shigarwa, kofin ya ƙi cika. Matsa notin ƙasan kofin da yatsu kawai.

10. Juye, jawo mai, da tayarwa

Idan ka ji warin fetur a baƙin mai a mataki na farko, yanzu ne za a juye shi tare da matacinsa, kafin a buga sitata ko sau ɗaya.

Zuba sabon fetur a tanki, aƙalla lita 10, don bututun tsotso ya nutse sosai. Famfon Land Rover yana da ɗan hannun bugawa a ƙasansa. Riƙa ɗaga shi kana saki har kofin gilashin ya cika, ka ci gaba har ka ji hannun ya yi sako-sako, alamar kabureta ta ƙoshi. Idan tun farko ka ji hannun ba ya kama komai, tozon ne ya danne harshen, juya injin kaɗan ka sake gwadawa. Famfon da ba shi da wannan hannu, a mayar da wayar batir da ta koyil a buga sitata na daƙiƙa 10, a huta rabin minti, a sake, don kada sitata ta ƙone.

Gargaɗi: idan za a ɗiga fetur a bakin kabureta don taimaka mata, cokali ɗaya ya isa, a mayar da murfin matacin iska, a janye kwalbar da fuska kafin a buga. Zubawa ana bugawa shi ne ke ƙona gira da hannu.

Da injin ya tashi, bar shi yana aiki a tsaye, ka bi kowane mahaɗi da busasshen tsumma, ka duba ƙasan famfon ko baƙin mai na tsattsafowa ta gaskit. Dubi kabureta ma. Sabon famfo wani lokaci ya fi tsohon ƙarfi, sai allurar da ke tsayar da mai a kabureta, wadda ta saba da rauni, ta kasa riƙewa, mai ya riƙa ambaliya, hayaƙi ya yi baƙi. Ƙarfin turin waɗannan famfuna ba ya kai rabin bar, wato ma'aunin matsin mai, na Land Rover ma ya fi na Toyota sauƙi; idan ambaliyar ta ci gaba bayan an canza allurar, a auna ƙarfin famfon da geji.

Masu Land Rover ta gazuwal, famfon nasu kusan iri ɗaya ne kuma haka ake ɗaura shi, sai dai dole a fitar da iska bayan an gama: a sassauta notin numfashi na kan mataci a buga hannun famfon har mai ya fito ba kumfa, a ɗaure, a yi haka a kan babban famfon allurar fesa mai, sannan idan ta ƙi tashi a sassauta notin bututun allura biyu a buga sitata har su tofo.

11. Idan an zaɓi na lantarki

Da yawa suna gajiya su ɗaura na lantarki. Ni na fi son na asali a motar da za ta shiga daji, don yana tsayawa da zarar injin ya tsaya, kuma ba ruwansa da waya. Wanda ya zaɓi na lantarki ya nemi mai ƙaramin ƙarfi da aka yi don kabureta, ba na motocin zamani masu allurar fesa mai ba, waɗanda ke tura kusan bar 3, ƙarfin da kabureta ba za ta iya riƙewa ba. A ɗaura shi kusa da tanki kuma ƙasa-ƙasa, a sa masa fis, a haɗa shi ta yadda zai mutu tare da makulli. Tsohon famfon a cire shi a rufe ramin da faifan ƙarfe da gaskit. Kada a bar mai ya bi ta cikinsa, domin idan fatarsa a yage take, na lantarkin zai ɗura tankin gaba ɗaya cikin injin.

12. Gwajin hanya

Fara da zagaye cikin gari har injin ya yi zafi sosai, ka kashe shi minti goma, ka sake tayarwa. Wannan ne ke nuna ko tururi na taruwa a bututu. Bayan haka nemi wuri mai yashi ko hawa, kamar gangaren gulbi, inda injin zai ja da ƙarfi a ƙaramar giya, domin a nan ne yake shan mai fiye da ko'ina kuma a nan raunin famfo ke bayyana. Da ka dawo, bari ya huce, ka sake taɓa notin biyu da maɗauran tiyo, don sabon gaskit yana ɗan kwantawa bayan zafin farko. A makon farko riƙa zaro sandar awon baƙin mai kowace safiya kana shinshinawa, ka kuma duba matacin. Idan ya yi ja da wuri, tankin bai gama fitar da tsatsarsa ba, a canza matacin a sake dubawa. Kafin doguwar tafiya irin ta arewacin Dakoro zuwa Bermo, inda mai kayan gyara ya yi nisa, sa mataci biyu, da mita ɗaya ta tiyo, da maɗaurai huɗu, da gaskit, da famfo na biyu ko kayan gyaran fatarsa a cikin akwatin kayan aiki, a naɗe cikin leda don kada ƙura ta shiga bakunansa.